Ku Tambayi Likita: Ciwon Mara da Karatun Jami'a

Wasiƙun da suka taru a kan teburina tun bayan fitowar sakamakon jarrabawar zangon da ya wuce, da yawansu a kan magana ɗaya suke, wato matsalolin jinin al'ada da yadda suke shiga tsakanin ɗaliba da karatunta. Na zaɓi huɗu daga ciki, kuma kamar yadda muka saba a wannan shafi, na cire sunaye da sunayen makarantu.

Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce 'yar aji uku a jami'a, shekaruna 21. Tun ina sakandare nake fama da ciwon mara duk wata, amma shekara biyu ke nan abin ya tsananta, har ya kai ciwon yakan fara kwana uku kafin jinin ya zo, ga amai, ga azaba idan zan yi bayan gida. A zangon da ya wuce, gwajin wani kwas mai maki 30 ya faɗo a irin wannan rana, na shiga aji na kasa zama, na fita ban rubuta komai ba. Da na je wurin malamin, kasancewarsa namiji sai nauyin baki ya kama ni, na ce masa zazzaɓi na yi. Ya ce in kawo takardar asibiti, ni kuwa ban je asibiti ba, Felvin na sha na kwanta. Na faɗi kwas ɗin. A gida ana ce mini in yi haƙuri, idan na yi aure zai daina. Me zan yi? — Wata ɗaliba daga Kano

Wa alaikumus salam 'yata, sannu da jiki, Allah Ya ba ki lafiya. Matsaloli biyu ne kika haɗa a wasiƙarki, ɗaya ta jiki, ɗaya ta takarda, kuma ina ganin ta takardar ce ta kayar da ke kwas ɗin nan, ba ciwon kansa ba. Amma bari in fara da ta jiki.

Ciwon mara iri biyu ne. Akwai wanda yawancin 'yan mata suka sani, wanda yakan fara cikin shekara ɗaya ko biyu bayan yarinya ta fara al'ada. Sanadinsa wani sinadari ne da ake kira furostagilandin, wanda bangon mahaifa ke fitarwa domin ya sa ta matse ta fitar da jini. Idan ya yi yawa sai matsewar ta yi ƙarfi, jini ya ragu a tsokar mahaifa, a ji murɗa, wani lokaci har da amai da gudawa da ciwon kai. Wannan iri yakan fara ne daf da zuwan jinin ko tare da shi, ya lafa cikin kwana biyu ko uku, kuma gaskiya ne yakan yi sauƙi idan shekaru suka ja ko bayan haihuwa. Daga nan ne maganar "idan kin yi aure zai daina" ta samo asali, don haka ba zan ce iyayenmu sun ƙirƙire ta daga babu ba.

Sai dai abin da kika kwatanta ya fi kama da iri na biyu, wanda wata cuta ke haddasawa. Ciwon da ke ƙaruwa shekara bayan shekara maimakon ya ragu, yake riga jinin zuwa da kwanaki, yake kuma taɓa bayan gida ko fitsari, yana sa likita ya yi tunanin endometiriyosis, wato tsirowar wani nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa a wajen mahaifar: a kan ƙwayayen haihuwa, ko bayan mahaifa, ko jikin hanji da mafitsara. Duk wata wannan nama yakan kumbura ya yi jini kamar na cikin mahaifa, amma ba shi da hanyar fita, sai ya haifar da kumburi da mannewar sassan ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace ɗaya cikin 10 na masu shekarun haihuwa tana da shi, kimanin mata miliyan 190 ke nan a duniya, kuma sau da yawa ana shafe shekaru kafin a gano shi, saboda kowa yana ɗaukarsa ciwon mara na yau da kullum. Aure ba ya warkar da shi. Hasali ma a wasu matan bayan aure ne yake bayyana da zafi lokacin saduwa ko jinkirin samun ciki. Ban ce shi ne ke damunki ba, domin ba a gano cuta ta wasiƙa, amma na ce kin kai matsayin da ya kamata likitan mata ya gan ki.

Na san abin da ke hana budurwa zuwa, tsoron gwajin da za a yi mata ne. Ki kwantar da hankalinki. Ga wadda ba ta yi aure ba, yawanci tambayoyi ne, sai a danna ciki, sai hoton ciki da ake ɗauka ta saman mara bayan an sha ruwa mafitsara ta cika, kuma kina da damar neman likita mace ko ki ce a bar ma'aikaciyar jinya ko 'yar'uwarki ta zauna tare da ke. Ki kuma sani cewa hoton yana iya fitowa lafiya lau alhali cutar tana nan, don haka idan aka ce miki "ba a ga komai ba" amma ciwon bai sauya ba, ki koma ki nemi a tura ki sashen mata na babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tunda kina kusa da shi.

Game da magani, Felvin da ibufurofen da Ponstan duk dangi ɗaya ne, aikinsu hana jiki ƙera wancan sinadari na furostagilandin. Shi ya sa wadda ta jira sai ciwo ya durƙusar da ita sannan ta sha takan ce maganin ba ya aiki, domin ta sha shi ne bayan sinadarin ya riga ya taru. Ana fara sha da an ji alamar farko, a ci gaba a kan lokaci na kwana biyu ko uku, bayan an ci abinci. Kada a haɗa biyu daga cikinsu a lokaci guda, kuma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko asma kada ta sha sai da izinin likita. Gorar ruwan zafi da aka naɗe da tawul aka ɗora a mara tana taimakawa ƙwarai, ba camfi ba ne. Abin da nake roƙonki da Allah ki guje wa shi ne taramol da allurar kashe zafi ta kyamis, domin na ga ɗaliban da suka fara su saboda kwana biyu a wata, suka wayi gari ba sa iya kwana ɗaya babu su.

Yanzu maganar takarda. Jami'a ba ta jin kuka, rubutu take karantawa. Malamin da ya ce ki kawo takardar asibiti bai zalunce ki ba, domin shi ma idan ya ba ki gwaji na daban ana iya tambayarsa hujja. Don haka abu na farko shi ne ki buɗe fayil a asibitin makaranta tun kina da lafiya, ba ranar da aka ɗauko ki ranga-ranga ba. A jami'o'i da yawa kuɗin rajistar da kika biya ya haɗa da na inshorar lafiyar ɗalibai da ake kira TISHIP, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, saboda haka ganin likita a can haƙƙinki ne da kika riga kika biya. Ki samu ƙaramin littafi ki riƙa rubuta ranar da ciwo ya fara, ranar da jini ya zo, audugar mata nawa kika canza, maganin da kika sha, da lakcar da kika rasa. Bayanin wata uku a rubuce ya fi "ina yawan ciwon mara" nauyi a gaban likita nesa ba kusa ba.

Duk ranar da ciwo ya hana ki aji, musamman ranar gwaji ko jarrabawa, ki je asibitin a ranar, ko da ƙawaye ne za su riƙe ki, domin a rubuta a fayil. Idan a gida abin ya same ki kika je wani asibiti, ki kai takardar asibitin makaranta a sa mata hannu da hatimi, saboda yawancin jami'o'i ba sa karɓar takardar waje sai daraktan lafiyarsu ya tabbatar da ita, kuma sukan ƙayyade kwanakin da za a kawo ta. Ki duba littafin dokokin ɗalibai na makarantarku ki ga adadin. Sannan ki rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban sashe ta hannun malamin da ke kula da ajinku, ki haɗa da kwafi, ki riƙe asali. Ba dole ba ne ki ambaci al'ada. Ya isa ki ce kina da lalurar rashin lafiya mai dawowa wadda asibitin jami'a ya san da ita, ga shaida. Idan kuma jadawalin jarrabawa ya fito kika lissafa kika ga zai haɗu da kwanakinki, ki ga likita makonni kafin lokacin, domin akwai magungunan da ake iya jinkirta al'ada da su idan likita ya ga sun dace da ke. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kunyar da ta sa kika ce zazzaɓi, na fahimce ta, mu ma da ita aka raine mu. Amma ki tuna Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba, kuma tambayoyin nasu har da na haila.

Likita, ni malamin jami'a ne, kuma ni ke kula da 'yan aji biyu a sashenmu. Duk zango sai ɗalibai mata sun zo da uzurin rashin lafiya bayan gwaji, wasu ba sa ma iya faɗin abin da ke damunsu. Ba na son in zalunci mai gaskiya, ba na kuma son a mayar da ni abin wasa. Ga dokar halartar lakca kashi 75 cikin 100 da ta ɗaure mu. Yaya zan bambance? — Wani malami daga Zariya

Malam, Allah Ya saka da alheri da ka damu har ka rubuto. Amsata a taƙaice ita ce, ba aikinka ba ne ka bambance, kuma duk ranar da ka ɗora wa kanka wannan aiki za ka yi kuskure ta ɓangarorin biyu, domin mai wayon baki za ta gamsar da kai, mai gaskiya kuma kunya za ta sa ta yi kame-kame kamar maƙaryaciya. Tantance ciwo aikin asibitin makaranta ne. Naka shi ne ka buɗe ƙofar tun da wuri: a lakcar farko ta zango ka sanar da aji baki ɗaya, maza da mata, cewa duk mai lalura mai dawowa, ko sikila ce ko asma ko farfaɗiya ko wata daban, ya kawo shaida daga asibiti a makonnin farko, kuma ba za a tambaye shi bayani ba. Da zarar ka jera lalurar al'ada cikin sauran cututtuka, ka sauke wa ɗalibar rabin nauyin da ke bakinta. Zai kuma yi kyau sashe ya ware malama mace guda da ɗalibai za su riƙa zuwa wurinta, ita kuma ta isar da abin da ya kamata kawai.

Sauran abubuwan ba sa cin kuɗi. Rana ɗaya a ƙarshen zango da aka tsayar domin gwajin ramuwa ga duk masu takarda ta fi a yi ta bin malami ofis-ofis ana roƙo, kuma tana toshe ƙofar zargi da ta cin zarafi, tunda ba alfarma ce da mutum ɗaya ke bayarwa a ɓoye ba. A zauren jarrabawa kuwa, ka yi tunanin yarinyar da ke zaune awa uku a kan benci, jini yana zuba, tana jan hijabinta ƙasa tana tsoron miƙewa, rabin hankalinta yana kan takarda rabi yana kan siket ɗinta. Mai sa ido mace da za ta raka ta banɗaki, da wurin zama kusa da ƙofa, da banɗakin da ke da ruwa da ƙofa mai sakata, su ne bambancin ci da faɗuwa a wurinta. Lokacin da nake ɗaliba akwai wadda muke ɗaki ɗaya da ita, mai ƙoƙari ce ƙwarai, wadda duk wata sai ta kwanta a kan siminti ta ɗaure mararta da ɗankwali tana juyi. Ta maimaita shekara guda cur, kuma har ta gama babu malami ɗaya da ya san dalili.

Dokar kashi 75 kuwa ba wahayi ba ce, majalisar jami'a ce ta kafa ta, ita ce kuma ke iya yi mata kwaskwarima. A jihar Kerala ta ƙasar Indiya irin wannan doka suke da ita, sai a watan Janairun 2023 Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kochin, bisa buƙatar ƙungiyar ɗalibai, ta sassauta wa mata da kashi 2, ya zama 73 ya ishe su shiga jarrabawa, kuma cikin watan gwamnatin jihar ta faɗaɗa tsarin zuwa sauran jami'o'in da ke ƙarƙashin ma'aikatar ilimi mai zurfi. A Sikotland kuma, tun watan Agustan 2022 doka ta wajabta wa makarantu da jami'o'i ajiye audugar mata kyauta. A ra'ayina tsarin Kerala bai wadatar ba, domin kashi 2 kaɗan ne ga mai endometiriyosis, kuma mafi yawan ɗalibai mata ba sa bukatarsa. Na fi son sassauci mai faɗi ga wadda asibiti ya tabbatar da lalurarta. Amma ya nuna cewa ana iya kai maganar gaban majalisa a tattauna ta kamar kowace magana, kuma malami irinka ne ke iya gabatar da ita a taron sashe.

Likita, 'yata tana aji ɗaya a jami'a. Likitan makaranta ya rubuta mata ƙwayoyin tsarin iyali saboda ciwon mara da rikicewar al'ada, alhali ba ta da aure. Na hana ta sha, ina tsoron kada su hana ta haihuwa, kuma me mutane za su ce idan aka gani a jakarta? — Wata uwa daga Sakkwato

Hajiya, tsoronki na uwa ne, ba zan ga laifinki ba. Waɗannan ƙwayoyi suna ɗauke ne da sinadarai irin na jikin mace, kuma hana ɗaukar ciki ɗaya ne kawai daga cikin ayyukansu. Suna sa shimfiɗar mahaifa ta yi siriri, sai jini ya ragu, ciwo ya ragu, kwanaki su daidaita, shi ya sa likitoci ke ba da su ga endometiriyosis da kuma cutar nan ta PCOS, wato rikicewar sinadaran jiki da ta shafi ƙwayayen haihuwa, wadda ke sa al'ada ta yi watanni ba ta zo ba, tare da ƙuraje a fuska, ko gashi a haɓa, ko ƙiba. Ba sa kashe mahaifa, kuma idan aka daina sha, damar ɗaukar ciki takan dawo yadda take a da. Abin da ya fi barazana ga haihuwarta shi ne a bar cutar da ke haddasa matsalar ba a kula da ita ba.

Sai dai ba kowa suke karɓa ba. Mai hawan jini, da wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, da mai ciwon ɓarin kai irin wanda ke zuwa da walƙiya ko dishi-dishi a ido, akwai nau'in da bai dace da su ba. Shawarata ita ce ki shirya ki raka ta wurin likitan, ki yi duk tambayoyinki a gabansa, ki faɗa masa cututtukan da ke cikin dangi. Idan har yanzu zuciyarki ba ta kwanta ba, ki nemi ganin likitan mata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Maganar mutane kuwa, magani sirrin mai shi ne, ta ajiye shi a akwatinta.

Anti Likita, ƙawata da muke ɗaki ɗaya takan yi kwana 10 zuwa 12 tana jini, da gudaji, wani lokaci cikin awa ɗaya ta jiƙe audugar. Kullum a gajiye take, tana barci a lakca, ta karanta abu ta manta, ga ta da cin farar ƙasa da tauna ƙanƙara. Ita damuwarta sallah ce kawai. Ta yaya zan taimake ta? — Wata ɗaliba daga Maiduguri

Ƙanwata, Allah Ya bar zumunci, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Jinin da ya wuce kwana 7, ko yake jiƙa auduga cikin awa ɗaya ko biyu, ko yake fitowa da manyan gudaji, ya fita daga ƙa'ida. Gajiyar da barcin da mantuwar, har da kwaɗayin farar ƙasa da ƙanƙara, duk alamu ne na ƙarancin jini da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki, kuma ƙwaƙwalwar da ba ta samun isasshen jini ba ta riƙe karatu, komai daren da aka raba a aji. Ki ja ta zuwa asibitin makaranta cikin makon nan a auna jininta, a kuma nemi dalilin zubar, domin yana iya zama rikicewar sinadaran jiki, ko ƙari a mahaifa, wanda ya fi yawa a tsakanin mata baƙar fata, ko matsalar daskarewar jini, musamman idan tun farkon al'adarta haka take kuma tana yawan haɓo. Akwai maganin rage zubar da ake sha a kwanakin jinin kaɗai, akwai kuma ƙwayoyin ƙarin jini, waɗanda ake ci gaba da sha kimanin wata uku bayan awo ya dawo daidai. Sukan mayar da bayan gida baƙi, kada hakan ya tsorata ta. Hanta da nama da wake da zogale da alayyafo suna taimakawa, amma ta daina haɗa abinci ko maganin da shayi, domin yana hana jiki tsotsar ƙarfen.

Damuwarta da sallah a kan hanya take, kuma malamai mata na makarantun Islamiyya za su warware mata bambancin haila da istihala. A mazhabar Malikiyya mafi tsawon haila kwana 15 ne. Amma hukuncin fiƙihu yana faɗa mata lokacin da za ta yi wanka ne, ba ya nufin jinin kwana 12 lafiya ne a likitance. Ke kuma, ki riƙa ɗaukar mata bayanan lakca a ranakun da ta kasa fita, ki taya ta layin ruwa, ki ajiye lambar motar asibitin makaranta da ta mai kula da ɗakunan kwananku a wayarki. Idan kika ga ta suma, ko numfashinta yana sama-sama, ko zuciyarta tana bugawa da sauri alhali tana zaune, ko ciwo mai tsanani ya soke ta farat ɗaya a gefe guda na mara, kada ki jira gari ya waye, a daren za ku tafi asibiti.